Hazo ya hana Baba barci: in kai shi Gembu ko Jos?

Ɗan_Gwammaja:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema. Mahaifinmu ya haura shekara 70, yana da asma tun muna yara, amma bana abin ya fi na kullum. Tun da hazon nan ya sauka a farkon Disamba bai yi barcin kirki ba. A zaune yake kwana, an jera masa filo uku a baya, ƙirjin yana ƙara kamar ana busa usur. Sau biyu muna ɗaukar sa zuwa asibiti cikin dare. Wani abokin kasuwancina da ke sayo ganyen shayi da fiya daga Mambila ya ce in kai shi Gembu ya yi watannin hunturu a can, wai iskar can wankakkiya ce, ba ƙura ba hayaƙi. Ƙanwata kuma ta ce Jos ta fi kusa. Wanda ya taɓa zama a ɗaya daga cikin wuraren nan don Allah ya gaya min gaskiya: iskar kan dutse ta fi ta Kano da gaske, ko daɗin baki ne na masu zuwa ɗaukar hoto?

Hajiyar_Tarauni:
Wa'alaikumussalam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne.

Sarkin_Zolaya:
In dai dutse ake nema, me ya kai ka Taraba? Ga Dala nan a bayan gidanku, ga Goron Dutse. Ka hau da shi da tabarma da buta, kuɗin motar ka turo min.

Ɗan_Gwammaja:
Sarki, yau ba ni da ƙarfin dariya, amma na yi.

Direban_Serti:
Allah ya ƙara sauƙi. Ni na yi shekaru ina jan mota daga Jalingo zuwa Gembu kafin in dawo gida. Abokinka bai yi ƙarya ba, amma bai faɗa maka duka ba. Fara da hanya. Daga Kano zuwa Jalingo yini ne cur. Washegari ka kama hanyar Bali, ka wuce Serti, ka isa Mayo Selbe, a nan ne hawan yake farawa. Kwana ne a kan kwana, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗaya hannun, mota tana nishi a giya ɗaya. Na sha tsayawa fasinja su sauka su yi amai. Kunne kuma yana toshewa kamar ka nutse a ruwa. Da ka kai Maisamari za ka ji iska ta canza, sai ka nemi rigar sanyi ko da rana tsaka ne. Kyau kam akwai shi, tuddai kore shar da shanu a kai har iya ganinka. To amma dattijo mai shekara 70 da numfashinsa bai daidaita ba, kwana biyu a mota, kuma in abin ya tashi cikin dare a can ina za ku nufa? Wannan shi ne tambayar.

Malamin_Jogurafi:
Bari in ɗan sa baki ta ɓangaren da na sani. Kano tana kan tsayin da bai kai mita 500 ba daga doron teku. Jos ta kai kusan mita 1,200. Tsaunin Mambila, inda Gembu take, matsakaicin tsayinsa wajen mita 1,600 ne, kuma a yankin ne ake da Chappal Waddi mai mita 2,419, wanda babu dutsen da ya kai shi tsayi a Najeriya. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da kamar digiri 6 da rabi. Shi ya sa a watan Afrilu, lokacin da muke soyuwa a digiri 40 a nan, su a Gembu da wuya su ga 30.

Amma sanyi daban, tsaftar iska daban. Ƙurar da ke damun mu ba a Kano ake yin ta ba. Mafi yawanta daga kwarin Bodele take tasowa a ƙasar Chadi, arewa maso gabas da Tafkin Chadi. Wurin tsohon gadon tafki ne da ya ƙafe tun dubban shekaru, ƙasarsa fara ce mai laushi kamar gari, ragowar ɓawon ƙananan halittun ruwa. Iska tana matsowa ta tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi, ta yi ƙarfi, ta kwashe garin nan ta yi sama da shi. Abin da ke ƙetare teku ya kai har dajin Amazon a Kudancin Amurka, kana ganin tsaunin Mambila ne zai tare shi? Yana isa can, yana isa Jos. Sai dai bai kai namu kauri ba, tunda mu ne a bakin ƙofa.

Ummu_Sudais:
Ikon Allah. Wato farar ƙurar da nake gogewa a kan talabijin sau uku a rana ’yar Chadi ce? Ko biza ba ta nema.

Amaryar_Nguroje:
Malam ya yi gaskiya. Ni ’yar Fagge ce, aure ya kai ni Nguroje na yi shekara shida. Yaya Ɗan_Gwammaja, ka saurare ni da kyau, don ni ma da ɗa mai asma na je.

A can kalmar hazo abu biyu take nufi. Akwai hazon ƙura irin namu, yana zuwa Disamba zuwa Fabrairu, tuddai su yi fari-fari. Akwai kuma hazon ruwa, gajimare ne yake saukowa ƙasa ya shigo har tsakar gida, ka miƙa hannu ba ka ganin ƙofar maƙwabta. Wannan da damina ne, kuma daminar can doguwa ce, tun wajen Maris ko Afrilu har Oktoba, wani lokaci ta taɓa Nuwamba. Sai a yi kwana uku ba a ga rana ba. Na taɓa shanya zanen gado ya kwana huɗu a igiya bai bushe ba, daga ƙarshe wari ya fara. Takalman maigida da ke ƙarƙashin gado duk suka yi funfuna, bangon ɗaki ya yi baƙi-baƙi ta kusurwa. To yarona a Kano ƙura ce take tayar masa, a can kuma wannan danshin ne da funfunar. An gudu ba a tsira ba.

Sai maganar hayaƙi. Wanda ya ce maka babu hayaƙi a Mambila a masauki ya kwana, bai shiga gidajen mutane ba. Saboda sanyi, wuta ba ta mutuwa a ɗakin girki, kuma nan ake taruwa da daddare, yara da manya, an rufe ƙofa. Gidan da muka fara haya, masararsu a saman murhu suke ajiye ta, a kan wani rufi na itace, don ana girbe ta ruwa bai ɗauke ba, hayaƙin ne yake busar da ita ya kori ƙwari. Azarar ɗakin ta yi baƙi ƙirin tana sheƙi kamar an shafa mata kwalta. Tsohuwar gidan kullum idonta ja, tari kuwa ba a magana. Waje iska garau, ciki kuma ga abin da ake shaƙa.

Ɗan_Gwammaja:
Hajiya na gode ƙwarai. Wannan bayanin ban taɓa jin sa ba. To watannin hunturun fa kawai, tunda ba damina za mu kai shi ba?

Amaryar_Nguroje:
Lokacin ne kuma ake ƙona ciyawa. Makiyaya suna sa wa tuddai wuta da rani don sabuwar ciyawa ta tofo wa shanu, manoma ma suna ƙona gonaki kafin ruwan fari. Da daddare za ka hango wuta ta yi layi a jikin tudu kamar an zana. Da safe toka tana sauka a kan wanki. Ba kullum ba ne, akwai ranakun da za ka shaƙi iska ka ji kamar an wanke maka ƙirji, ban musa ba. Amma sanyin asuba a Janairu, ruwan alwala sai an dafa.

Bakanon_Asali:
Ni dai ban yarda ba. Duk abin da za ku faɗa, ba za a haɗa iskar ƙauyen da ke kan dutse da ta Kano ba. Ku tsaya a Ƙofar Ruwa ko Kwanar Dawaki ko shataletalen Dangi da yamma ku gani. Adaidaita Sahu dubu nawa ne a garin nan? Tun da aka hana acaɓa a 2013 suka cika ko'ina. Ga janareto a kowane shago, ga masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai, ga bola ana cinna mata wuta a kowane lungu, ga masu babbaka da taya. Ƙurar Chadi aƙalla daga Allah take. Wannan kuwa mu muke yi wa kanmu. A kai dattijo inda zai huta.

Malamin_Jogurafi:
Bakanon_Asali, ba mu saɓa ba. Ƙari ma zan yi maka. Ka lura da asubar hunturu hayaƙi ba ya tashi sama, sai ya kwanta a kan unguwa kamar bargo? Da dare ƙasa tana hucewa, iskar da ke kusa da ita ta yi sanyi ta yi nauyi, mai ɗumi ta zauna a kanta kamar murfin tukunya. Duk abin da aka ƙona a ƙarƙashin murfin yake zama sai rana ta ɗaga. To wannan ya fi tsanani a garin da ke cikin kwari tsakanin tuddai, don iska mai sanyi gangarowa take ta taru a ƙasa kamar ruwa a kwano. Don haka ko a kan dutsen, gidan da ke kan tudu da wanda ke cikin kwari ba iska ɗaya suke shaƙa ba da safe.

Mai_Dankali_Yankaba:
Ku bar maganar Gembu, ta yi nisa. Ni duk sati biyu ina Filato, Bokkos da Mangu nake sayo dankalin Turawa. Ta Falgore da Saminaka, in ka fita bayan asuba kafin azahar kana Jos. Akwai manyan asibitoci, akwai ’yan’uwa Hausawa, ba za ku rasa wanda zai riƙe shi ba. Amma sanyin Jos na Disamba da Janairu ba wasa ba ne, yana sauka ƙasa da digiri 10 da dare, ga iska mai yanka kunne.

Kuma in gargaɗe ku da abin da ya same ni. Shekarun baya mun kwana mu uku a wani ɗaki a ƙauye muna jiran a cika mana mota. Sanyi ya ishe mu, sai yaron motar ya shigo da kaskon gawayi, muka toshe ƙasan ƙofa da buhu. Wajen ƙarfe biyu na farka kaina kamar ana sara shi da gatari, na tashi in miƙe ƙafafu suka ƙi. Da rarrafe na kai ƙofa. Yaron nan sai da aka ja shi waje aka yi ta yi masa fifita kafin ya dawo hayyacinsa. Babu hayaƙin da muka gani, babu warin da muka ji. Tun ranar ko a gidana ban yarda a kwana da gawayi a ɗaki ba.

Nas_Mai_Aikin_Dare:
Alhaji Mai_Dankali, Allah ne ya yi da sauran kwananku. Iskar da gawayi ke fitarwa a rufaffen ɗaki ba ta da launi ba ta da wari, tana kama jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi. Duk hunturu sai an kawo mana irin wannan, wani lokaci gida guda.

Ɗan_Gwammaja, ga nawa. Na farko, busasshiyar iska mai sanyi ita kanta tana tayar da asma, ko babu ƙura ko ɗaya. Na biyu, a tsayin Gembu iska ta fi ta nan sirantaka, duk numfashi ɗaya abin da ke shiga jini ya ɗan ragu. Mai lafiya ba zai ma lura ba, amma dattijon da huhunsa ya gaji ko yake da ciwon zuciya, sai likitansa ya duba shi kafin a yanke shawara. Na uku, kuma shi ne ya fi damuna: wane irin abin shaƙa yake amfani da shi? Yawancin tsofaffinmu shuɗin nan kawai suke riƙewa, na lokacin da abin ya tashi. Akwai na kullum wanda yake hana shi tashin, ana shaƙarsa safe da yamma ko da mutum yana jin garau. Da sun ji sauƙi sai su ajiye shi, hazo na sauka kuma a kwaso su. Ka tambaya a asibitin ko an rubuta masa, kuma a sa shi ya shaƙa a gabansu a ga ko yana yi daidai.

Ummu_Sudais:
Wai asma ba ita ce tarin fuka ba? Kakata haka take kiranta.

Nas_Mai_Aikin_Dare:
A'a Hajiya. Tsofaffi suna ce wa asma fuka, shi ya sa ake rikicewa. Amma abin da asibiti ke kira tarin fuka shi ne tibi, ƙwayar cuta ce ke kawo shi, ana ɗauka, kuma ana warkewa da maganin wata shida. Asma ba a ɗaukarta. Duk wanda ya yi tari ya wuce sati biyu, yana rama yana gumin dare, a je a gwada majina, kar a ce hazo ne.

Manomin_Kadawa:
Ina ta karantawa ana zagin hunturu. Jama'a a yi mana adalci. Mu masu alkama addu'a muke sanyin nan ya daɗe. In aka shuka a Nuwamba sanyi ya riƙe har Fabrairu, zangarniya takan cika. Shekarar da zafi ya yi saurin shigowa kuwa, sai ka girbe ƙaiƙayi. Tumatir ma haka. Abincin wani gubar wani. Allah dai ya ba Baba lafiya, mu kuma ya bar mana sanyinmu.

Sarkin_Zolaya:
Manomi, a bar maka sanyin, a kwashe ƙurar. Kaushin ƙafata ya yaga zanen gado biyu bana.

Baba_Mai_Ritaya:
Yara kun tuna min da da. Na yi aikin gwamnati a can lokacin ana jihar Gongola, kafin a yanke Taraba a 1991. Ƙaramar hukumar ma sunanta Sardauna. A da yankin yana cikin ƙasar Kamaru ta Arewa da Ingila ke riƙo, sai a ƙuri'ar raba gardama ta 1961 suka zaɓi Najeriya. Abin da ya kai Fulani da shanunsu can shi ne ciyawa da rashin ƙudan tsando a saman. Ganyen shayin da ake nomawa a Kakara kuwa, ruwan saman nan da gajimaren da ’yata ta Nguroje take kuka da su, su ne abincinsa. Ruwan da ke sauka can a shekara ya ninka namu na Kano. Abin da na lura da shi da na koma ziyara bayan shekaru, bishiyar turare ta cika ko'ina, an dasa ta don katako da itacen girki, mutanen gari kuma suna cewa tana shanye musu ƙoramu. Tsofaffin da na sani suna cewa sanyin ma ba kamar na da ba, har sauro ya fara yawa a inda a da ba a damu da gidan sauro ba.

Shawarata ga ɗana mai tambaya: ka tambayi mahaifin naka tukuna. Mu tsofaffi ba buhun masara ba ne da za a ɗauka a ajiye inda ya fi iska.

Bakanon_Asali:
Baba ranka ya daɗe, wannan gaskiya ne. Amma ina nan kan bakata, da za a auna iskar Sabon Gari da ta Gembu a rana ɗaya, ba za a haɗa ba.

Injiniya_Zoo_Road:
Ana aunawa ai. Abin da ake dubawa shi ne ƙurar da ake kira PM2.5, wadda silin gashi ya ninka ta kauri kusan sau 30, ita ce take wuce hanci ta shige can cikin huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2021 ta sa ma'aunin kada ta wuce maikurogiram 15 a kubik mita ɗaya na iska a yini. Ina da ’yar na'ura a gida, ranar da hazo ya yi kauri har jirage suka kasa sauka a filin Malam Aminu Kano, lambar ta zarce wannan nesa ba kusa ba. Amma abin da ya ba ni mamaki, ranar da uwargida ta sa turaren wuta a falo an rufe tagogi, lambar ta fi ta waje. Na nuna mata, ta ce na'urar ce ba ta san ƙamshi ba.

Hajiyar_Tarauni:
Injiniya kar ka haɗa mu faɗa da mazajenmu. Turaren wuta ba inda za shi.

Nas_Mai_Aikin_Dare:
Hajiya a sa shi, amma ban da ɗakin mai asma. Haka maganin sauro na kunnawa. A daina share ɗakinsa da tsintsiya yana ciki, a goge da jiƙaƙƙen tsumma. In zai fita masallaci da asuba ya sa takunkumi, ya fi rawani ko gyale tare ƙura, kuma yana ɗumama iskar kafin ta shiga.

Direban_Serti:
In kun nace sai kun je, ku bari sai ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, ruwa ya ɗauke, ba a fara ƙone-ƙone ba, hanya ma ta fi kyau. Kai ka fara zuwa kai kaɗai ka gani. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Ɗan_Gwammaja:
Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Jiya bayan isha'i na je gidan na zauna a ɗakinsa na duba da idon da kuka ba ni. Tagarsa tana kallon lungu, kuma daidai ƙarƙashinta mai shagon cajin waya yake ajiye janaretonsa har sha biyun dare. Hajiyarmu kuma tana shigar masa da kasko bayan magariba wai ɗakin ya yi ɗumi. Abin shaƙa na kullum da Nas ta faɗa yana nan a aljihun wata tsohuwar jamfa, ko rabi bai sha ba. Na yi masa maganar tafiya kamar yadda Baba_Mai_Ritaya ya ce. Ya dube ni ya ce, shekara 40 yana sahun farko a masallacin unguwa, in ya tafi Gembu wa zai riƙa buɗe ƙofar da asuba? Jos ɗin ma ya ce sai dai in bayan Sallah. Yau za mu mai da shi ɗakin da ke can ciki, gobe kuma asibiti.

Bakanon_Asali:
Ka yi wa mai cajin magana a hankali, shi ma abincinsa yake nema. Amma ni har yanzu da ni ne, Jos zan kai shi ko sati biyu ne a gwada.

Mai_Dankali_Yankaba:
In ya amince bayan Sallar, ina da ɗaki a wurin wani aminina, ka yi min magana ta gefe. Bargo biyu za ku riƙo.

Amaryar_Nguroje:
Yaya, abokin naka mai sayo shayi, in zai sake hawa ka ce ya taho min da zuma da fiya. Tun da na dawo Kano ban ci mai daɗin ta can ba.